Daga Kuɗin Wuri zuwa Ɗakin Amarya: Tarihin Gaɓar Tsibiran Maldibs

Tsibiran Maldibs, waɗanda ke shimfiɗe a Tekun Indiya kudu maso yamma da ƙasashen Indiya da Siri Lanka, suna cikin wuraren da ango da amarya masu hali suka fi nufa a wannan zamani domin cin amarci, kuma duk wanda ya ƙudura zuwa can sai ya tsinci kansa gaban tambayoyi iri ɗaya: wane yanki na ƙasar zai sauka, tsibirin da aka keɓe wa baƙi zalla zai kama ko garin da mutane ke zaune, ɗakin da ke kan rairayi zai ɗauka ko wanda aka kafa bisa ginshiƙai a tsakiyar ruwa. Masu tallar masaukai kan nuna waɗannan abubuwa kamar haka Allah Ya ajiye su tun fil'azal, alhali kuwa tsarin gaba ɗayansa bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, kuma mafi yawansa hukuma ce ta yanka shi da gangan domin ta sami kuɗin baƙi ba tare da ɗabi'un baƙin sun shiga gidajen 'yan ƙasa ba.

Ƙasar ta ƙunshi tsibirai kusan 1,190, waɗanda ba su kai 200 ba daga cikinsu ke da garuruwa, kuma sun jeru daga arewa zuwa kudu a tsawon da ya haura kilomita 800. Tsibiran sun taru ne rukuni-rukuni, har rukuni 26, kowane rukuni kuwa ana kiransa atol, wato zoben dutsen murjani da ya kewaye wani faffaɗan ruwa mai sauƙin igiya, tsibirai ƙanana suna tsirowa a kan zoben da cikinsa. Murjanin da ake nufi a nan wata ƙaramar halitta ce ta cikin teku mai gina wa kanta ƙwarya ta farar ƙasa, wadda idan zuriya ta mutu wata ta yi gini a kanta, har a wayi gari ta zama katanga a ƙarƙashin ruwa. Farin rairayin da ake yi wa doguwar tafiya dominsa ba komai ba ne face nikakken murjani da ɓawon halittun ruwa, shi ya sa ba ya ɗaukar zafi yadda rairayin kogi ke ɗauka. Tsayin ƙasar bisa saman teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaicin lissafi, abin da ya sa ta zama ƙasa mafi kwanciya a duniya.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin amfanin waɗannan tsibirai tun kafin ta san sunansu, domin ƙaramin wuri fari da aka yi ƙarnuka ana ciniki da shi a kasuwannin Afirka ta Yamma, mafi yawansa daga ruwan Maldibs ya fito. A wancan zamani mutanen tsibiran kan jefa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, wuri ya maƙale a jikinsa, sannan su janyo shi gaɓa su bar shi a rana ko su binne a rairayi har naman cikinsa ya ruɓe, a wanke ƙwaryar a ƙirga a ɗaure. Daga can ake kai shi Bengal a musanya da shinkafa, wani kuma ya bi ta hannun Larabawa, daga baya Turawan Holan da na Ingila suka riƙa loda shi a gindin jiragensu zuwa Turai, su sake fito da shi gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Tanja ta Maroko, ya ga kasuwar ta fuskoki biyu, domin ya ba da labarin cewa a Maldibs dinari ɗaya na zinariya yana sayen wuri 400,000, a ƙasar Mali kuwa ya tarar ana ba da 1,150 a dinari. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851 ya sami ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Da shi aka riƙa biyan haraji da sadaki, ana ƙirga shi zambar-zambar, ana ɗaure 20,000 a keso ɗaya. Darajarsa ta faɗi ne bayan 'yan kasuwar Hambug ta Jamus sun cika kasuwa da wani nau'i mai girma daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, sannan gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da shi Najeriya a 1904.

Shi dai Ibn Battuta ya sauka Male, babban birnin ƙasar, wajen ƙarshen 1343, kimanin shekara 190 bayan sarkin tsibiran ya karɓi Musulunci a 1153, ya tarar mace ce, Sarauniya Khadija, ke kan gadon mulki, aka naɗa shi alƙali, ya kuma auri mata huɗu kafin ya bar ƙasar. Abin da ya rubuta game da aure a can yana da ban sha'awa ga mai nazarin tarihin amarci, domin ya nuna cewa sadaki ba shi da yawa, matuƙan jiragen ruwa kan yi aure idan sun sauka suna jiran iska ta juya, idan tafiya ta tashi kuma su yi saki, saboda matan tsibiran ba sa barin ƙasarsu. Ashe ke nan baƙo da aure da gaɓar Maldibs sun daɗe da haɗuwa, sai dai a wancan zamani baƙon a cikin gari yake sauka, ya zama suruki ga mutanen garin, wanda shi ne ainihin abin da tsarin yawon buɗe ido na zamani ya zo ya toshe.

A dā ita kanta gaɓar tekun ba wurin shaƙatawa ba ce ga mutanen da suka gaje ta. A nan ake sassaƙa doni, jirgin katako na masunta, a nan ake fede kifin tuna a dafa a busar har ya yi tauri kamar itace domin kasuwar Siri Lanka, a nan ake binne ɓawon kwakwa ya jiƙa kafin a murza igiya da shi, kuma a nan ake zubar da shara da biyan buƙata, yayin da gidaje ke can ciki a inuwar itatuwa, nesa da iska da gishiri da aljanun da aka yi imani daga teku suke fitowa. Katangar murjanin da baƙi ke biyan kuɗi su kalla a yau kuwa makabartar jirage ce ga matuƙan dā, kuma a kanta jirgin Bafaranshe François Pyrard ya fashe a 1602, ya yi shekara biyar a ƙasar kafin ya sami hanyar fita. Son kwanciya a rairayi daga Turai ya taso: likitocin Ingila na ƙarni na 18 suka fara tura marasa lafiya wanka a ruwan teku, masu kuɗi suka mayar da abin ado, sannan a shekarun 1920 ƙonewar fata a rana ta zama alamar mai hutu. Tafiyar amarci ma can ta samo asali, inda a ƙarni na 19 sababbin ma'aurata na manyan gidajen Ingila kan zaga gaishe da dangin da ba su halarci biki ba, wani lokaci ma da rakiyar 'yan uwa, kafin jirgin ƙasa da otal su mayar da ita tafiyar mutum biyu su kaɗai, jirgin sama mai dogon zango kuma ya kai ta tsibiran ƙasashe masu zafi.

Maldibs ta sami 'yancin kai daga Birtaniya ranar 26 ga Yulin 1965, tana cikin matalautan ƙasashen duniya, ba ta da abin sayarwa sai busasshen kifi, kuma wata tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ziyarce ta a shekarun 1960 ta ba da shawarar cewa ba ta dace da yawon buɗe ido ba, saboda rashin ruwan sha da wutar lantarki da banki da hanyar sadarwa. Shawarar ba ta rasa hujja ba, sai dai ta auna ƙasar da ma'aunin birane. A 1971 wani Ba'italiye mai shirya tafiye-tafiye, George Corbin, ya haɗu a Kolombo ta Siri Lanka da Ahmed Naseem, ƙaramin ma'aikaci a ofishin jakadancin Maldibs wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje, kuma a watan Fabrairun 1972 Corbin ya kawo ayarin farko na mutum 22, aka sauke su a gidajen cikin Male. Ranar 3 ga Oktoban wannan shekara aka buɗe masauki na farko, Kurumba, a tsibirin Vihamanaafushi da ke kusa da filin jirgin sama na Hulhule, a ƙarƙashin jagorancin Mohamed Umar Maniku da abokansa, da ɗakuna 30 na dutsen murjani da rufin ganyen kwakwa, ruwan wankan yana da ɗanɗanon gishiri, ba kuma matsayar jirgi, sai dai baƙo ya naɗe wando ya taka ruwa zuwa tudu. Baƙin da suka shigo ƙasar a shekarar ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, kuma ba amare ba ne, masu nutso ne da masu farautar kifi da mashi, waɗanda abin da ke ƙarƙashin ruwa ya fi damunsu da laushin katifa.

Matakin da ya yanke wa ƙasar siffarta ta yau ya zo ne a zamanin Shugaba Maumoon Abdul Gayoom, wanda ya yi mulki daga 1978 zuwa 2008, kuma a Jami'ar Azhar ya yi karatu. A shekarun 1970 samarin Turai masu yawo da jaka a baya sun riƙa sauka a ƙauyukan masunta, suna zuwa da shigarsu da shaye-shayensu, abin da ya tayar wa malamai da hukuma hankali. Aka yi dokar yawon buɗe ido a 1979 da babban tsarin raya harkar a 1983, sannan a 1984 aka hana sauke baƙi a garuruwan da ke wajen Male. Daga nan aka tsaya kan manufar tsibiri ɗaya, masauki ɗaya: gwamnati ta ba ɗan kasuwa hayar tsibirin da ba kowa a kansa na tsawon shekaru, shi kuma ya kafa injin wuta da na tace gishiri daga ruwan teku da gidajen ma'aikata, a halatta giya da naman alade da shigar wanka a cikin iyakar wannan tsibiri kaɗai, su ci gaba da zama haramtattu a duk inda 'yan ƙasa ke zaune. Tsarin ya yi kama da yadda tsofaffin biranen Hausa ke ware wa fatake zango, a ci ribar cinikinsu ba tare da sun kutsa cikin unguwanni ba, sai dai a nan teku ce ganuwar. Kaɗaicin da ake sayar wa ango da amarya da tsada, wato tsibirin da ba mai talla, ba mai leƙe, ba hayaniyar gari, ya samu ne daga wata doka da aka yi domin kare tarbiyyar wasu mutane daban, 'yan kasuwa suka gane daga baya cewa ita ce babbar hajarsu.

Nisan masauki daga filin jirgin sama shi ne ya riƙa tsara yadda harkar ke faɗaɗa, kuma har yau shi ke raba farashi. Masaukan farko duk a atol biyu na Male ta Arewa da Male ta Kudu suke, iyakar inda doni zai kai cikin 'yan sa'o'i, kuma su ne har yanzu ake isa da jirgin ruwa mai gudu ko da tsakar dare, ko da yake na kusa da birni suna jin ƙarar jiragen sama suna kuma hangen fitilun Male. A shekarun 1980 aka buɗe atol ɗin Ari, inda kudancinsa ya yi suna da wani ƙaton kifi marar cutarwa da ake gani kusan duk shekara. Zuwan jirage masu sauka a kan ruwa a 1993 ya kai harkar atol ɗin Baa, inda aka buɗe Soneva Fushi a 1995, masaukin da ya nuna cewa ana iya sayar da tafiya ba takalmi da ɗakin katako a farashin fada, kuma a 2011 hukumar UNESCO ta sanya Baa cikin yankunan da take karewa saboda halittunsu. Waɗannan jirage da rana kaɗai suke tashi, don haka ma'auratan da jirginsu daga Dubai ko Doha ya sauka da yamma liƙis sukan kwana kusa da filin jirgi, kuɗin jirgin kuma, wanda yakan kai ɗaruruwan daloli ga mutum ɗaya, galibi ba ya cikin farashin ɗakin da aka tallata.

Ɗakin da ke kan ruwa, wanda ya zama tambarin Maldibs, ba can aka ƙirƙiro shi ba. Wasu Amurkawa uku masu otal ɗin Bali Hai ne suka fara gina shi a 1967 a tsibirin Raiatea na yankin Tahiti a Tekun Fasifik, kuma dalilinsu shi ne wurin da suke da shi ba shi da rairayi. A Maldibs matsalar ƙarancin ƙasa ce, domin dokokin gini sun taƙaita kason tsibirin da za a rufe da gini, da farko kashi 20 cikin ɗari, sun kuma hana gini ya zarce tsayin itatuwa, saboda haka mai son ƙara ɗakuna sai ya miƙa gada cikin ruwa ya jera su gefe da gefe. Dabarar da aka yi domin ƙarancin fili ta koma ɗaki mafi tsada. Mai adalci zai ce kyan gani yana tare da shi, amma sirri ba lallai ba, domin ɗakunan a jere suke, masu iyo da masu kwale-kwale suna wucewa ta gabansu, iska da ƙarar igiya sun fi tsanani, yayin da ɗakin kan tudu mai katanga da inuwar itatuwa ya fi suturta mace mai kunya, ga shi kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi.

Abin da dokar hukuma ba ta iya canzawa ba shi ne iska. Masuntan ƙasar sun raba shekara zuwa iruvai, iskar arewa maso gabas mai kawo rani da kwanciyar teku daga Disamba zuwa Afrilu, da hulhangu, iskar kudu maso yamma mai kawo ruwan sama da igiya daga Mayu zuwa Nuwamba, kuma suna da lissafin taurari da suke kira nakaiy, wanda ya yanka shekara kashi 27 na kimanin mako biyu-biyu. Farashi yana bin wannan lissafi sau da ƙafa, ya kai ƙololuwa a ƙarshen Disamba ya faɗo a damina, ko da yake a daminar ce manyan kifaye masu faɗin fiffike ke taruwa a mashigin Hanifaru na Baa. Rairayin ma ba ya zama wuri ɗaya, iska tana kwashe shi daga wannan gefe na tsibiri ta tara a wancan, ta yadda ɗakin da aka ɗauki hotonsa da faffaɗar gaɓa a watan Fabrairu kan wayi gari a watan Yuli da buhunan yashi a bakin ƙofa. Murjani kuma yana mutuwa idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, kamar yadda ya faru a 1998, lokacin da mafi yawan wanda ke kusa da saman ruwa ya yi fari ya mutu, aka kuma maimaita a 2016, shi ya sa tsibirai biyu maƙwabta kan bambanta ƙwarai wajen abin da mai iyo zai gani.

Igiyar tsunami ta ranar 26 ga Disamban 2004 ta kashe mutum fiye da 80, ta rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masaukan, ta kuma tona yadda garuruwan masunta suka zauna cikin talauci a gefen wannan dukiya, wadda 'yan tsirarun iyalai da abokan hulɗarsu na waje suka riƙe. Gwamnatin Mohamed Nasheed, wanda ya ci zaɓen 2008, ta ɗage haramcin sauke baƙi a garuruwa a 2009, kuma a farkon 2010 aka buɗe ƙaramin masaukin baƙi na farko a Maafushi, tsibirin da kafin nan aka fi saninsa da gidan yari. A yau irin waɗannan masaukai sun kai ɗaruruwa, a farashin da bai kai rubu'in na tsibiran baƙi ba, amma dokar gari tana aiki a kansu: ba giya, ana buƙatar sutura a kan titi, an killace wani yanki na gaɓa domin masu shigar wanka, jiragen fito na gwamnati kuma yawanci ba sa aiki ranar Juma'a. Ga ma'aurata Musulmi al'amarin ya juye ke nan, domin abin da Bature ke gani takura a waɗannan garuruwa, wato kiran salla da abincin halal da rashin mashaya, shi ne abin da su za su nema, kodayake Maafushi kanta ta cika da gine-gine har ta rasa natsuwar da ake zuwa nema, ƙananan tsibirai masu nisa sun fi ta.

Bikin aure da masaukai ke shiryawa a bakin teku, da ganguna da furanni da takardar shaida, ba shi da wani matsayi a dokar ƙasar, domin Maldibs ba ta ɗaura wa baƙi waɗanda ba Musulmi ba aure, kuma a 2010 an yi abin kunya lokacin da hoton bidiyo ya nuna ma'aikacin wani masauki yana zagin wasu Turawa da Dibehi, harshen ƙasar, a matsayin addu'ar sabunta aure, su kuwa suna sunkuyar da kai cikin ladabi. Bayan ɗakunan kuma akwai unguwar ma'aikata da baƙo ba ya gani, inda mazan ƙasar kan yi watanni ba su ga iyalinsu ba, tare da dubban 'yan ci-rani daga Bangaladash da Indiya da Siri Lanka, sharar yankin Male kuwa tun 1992 ake jibge ta a Thilafushi, tsibirin da aka gina da shara. Duk da haka harkar ita ce ta fitar da ƙasar daga sahun matalauta, tana samar da fiye da rabin kuɗin waje da take samu, baƙi sun haura miliyan ɗaya a 2013 sun kuma kai miliyan biyu a 2024, masaukan tsibiri ɗaya-ɗaya sun wuce 160. Gwamnati tana karɓar rabonta ta harajin kaya da hidima da kuma harajin muhalli da aka fara a 2015 a kan dala 6 ga kowane baƙon manyan masaukai a kowane dare, wanda aka ninka zuwa dala 12 a farkon 2025, kuma idan aka haɗa waɗannan da kashi 10 cikin ɗari na ladan ma'aikata, kuɗin da ango zai biya a ƙarshe yakan zarce wanda aka tallata masa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.